Matambayi Ba Ya Ɓata: Gwangwanin Matron da Gidauniyar 'Yan Unguwa

Jama'a assalamu alaikum, ya sanyi, mu dai nan Jos ya shigo da ƙarfinsa har ruwan alwalar asuba sai an ɗora a wuta. Saƙonnin da suka shigo min wannan watan kusan rabinsu maganarsu ɗaya ce, kuɗin asibiti da ƙungiyoyin da ake kafawa a unguwanni don biya wa marasa ƙarfi, sai na ga gara in tattaro su wuri guda in amsa. Masu tambayar gado da rigimar fili ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kamar kullum na cire sunaye.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Katako, gidana Unguwar Rogo. Shekara uku kenan matar maƙwabcina tazo haihuwa abu yaƙi, akai mata tiyata aka ciro yaro lafiya, amma aka riƙe su a asibiti kwana tara bayan sallama saboda cikon kuɗi, mijin ɗan keke ne kuma keken ma ba nasa bane balas yake kaiwa kullum. Muka buɗe gurup a WhatsApp mu goma sha ɗaya kowa ya kawo abinda Allah ya hore masa muka fito da ita, ranar suna ma ta riga ta wuce. Toh daga nan gurup ɗin bai mutu ba, yanzu mun haura mutum 200, duk Juma'a in an sauko masallaci mukan je asibiti da kunu da burodi mu tambayi nas-nas waye ya maƙale. Yanzu samarin cikinmu sun dage wai a maida abin gidauniya, dattawan kuma sunce ku barshi yadda Allah ya fara shi kar a sa masa boko ya lalace. Kawu wai menene ma bambancin, kuma an taɓa yin gidauniyar da ta taso daga asibiti haka ta ɗore? Daga mai sayar da katako, Unguwar Rogo.

Amsa: Alhaji Allah ya saka muku da alheri ya sa a mizani. Kafin in ba ka amsa bari in ba ka labarin wani gwangwani. Na yi shekaru a tagar karɓar kuɗi ta wani asibiti a garin nan kafin in yi ritaya, ni ne mai buga hatimi a rasit, don haka irin matar maƙwabcinka na gan su ba adadi. An sallame ta, an ba wata gadon, ita kuma ta shimfiɗa zani a ƙasa jikin bango da jaririnta cikin tawul, kayanta a ƙulle cikin jakar bako, ciwo ya tafi amma hanyar gida a rufe, duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga kai ko maigidan ne ya samo. Maigadi kuma ba ya buɗe get sai ya ga takarda mai hatimina. Wallahi akwai ranakun da in na koma gida tuwon dare ba ya wuce min.

A ɗakin masu haihuwa akwai wata dattijuwar matron, Kirista ce, tana da babban gwangwanin madara a ƙarƙashin teburinta an huda murfin. Duk mijin da ya zo ɗaukar matarsa yana washe baki an sauka lafiya, sai ta ɗauko ta ajiye a gabansa ta ce Baban bebi a sa wa na baya. Likitoci in an yi albashi su jefa, mu ƙananan ma'aikata mu jefa 'yan canji. Tana da littafi irin na 'yan makaranta mai shafi 60 da take rubuta wadda aka biya wa da nawa da ran nawa ga wata, da jan biro. Gwangwanin nan ya tayar da mata da yawa daga kan simintin nan. Ranar da ta yi ritaya ta damƙa shi ga wadda ta gaje ta, ita ma mutuniyar kirki ce amma ba ta da bakin roƙo irin na waccan, kunya ke hana ta, bayan wata shida aka canza mata ɗaki, ta ukun kuwa ko labarin ba ta ji ba. Daga baya na ga gwangwanin da idona a kan taga an cika shi da ƙasa an shuka fulawa a ciki.

To Alhaji abin da kuke yi yanzu gwangwanin matron ne, a cikin waya. Yana tafiya ne da zafin zuciyar mutum biyar ko shida da ke tsaye a kansa, kuɗin da ya shigo Juma'a ya fita Asabar, ranar da mai riƙe da gurup ɗin ya samu aiki ya koma Abuja ko biyu daga cikinku suka saɓa a kasuwa kan wani bashi, shikenan sai wurin ya koma na tura barka da Juma'a da tallan atamfa. Ana cewa gidauniya ne in taimakon ya tsaya da ƙafarsa, yana da sunansa a takarda, yana da asusunsa da ba a aljihun kowa yake ba, an rubuta ƙa'idar wa za a biya wa, sannan babban abin, yana da uwar kuɗi da ba a taɓawa sai dai a ci 'ya'yanta.

Ka gaya wa dattawanku wannan ba boko ba ne, wakafi ne, a gidanmu aka haife shi. Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar ya je neman shawara, Manzon Allah SAW ya nuna masa ya riƙe asalinta ya yi sadaka da amfaninta, aka yi haka a kan ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Da wannan tsarin aka riƙe manyan asibitocin Musulmi na da. Nuruddin Zangi ya gina nasa a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina nasa a Alƙahira a 1284, aka tsayar da dukiya wakafi wadda kuɗin da take kawowa ke sayen magani yana biyan likitoci, mara lafiya ya kwanta ya tashi ba a tambaye shi ko anini ba. Ƙalawun ya rasu a 1290 amma asibitin ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki bayansa, don ba aljihun sarki ake jira ba, abin da wakafin ya haifa ake jira.

Kuma ba sai mun tsallaka teku ba. Asibitin Jankwano da kowa ya sani 'yan mishan na SIM ne suka buɗe shi a 1959, yau shi ne asibitin koyarwa na jami'ar Bingham, sashensu na masu yoyon fitsari mata na zuwa daga garuruwa masu nisa a yi musu aiki kyauta, kuma ka san duk kyautar da ka gani a asibiti akwai wanda ya biya ta baya, tsari ne ya sa ba ta yanke ba. Na Vom yana nan tun 1922. Ga kuma Faith Alive da Dokta Chris Isichei ya fara a nan Jos a 1996, abu ya faro ƙarami daga likita ɗaya da ya ga masu fama da ƙanjamau da talauci ba su da wurin zuwa, ya zama asibitin da ake duba mutane kyauta, Musulmi da Kirista duk suna bin layi ɗaya.

Amma fa dattawan nan suna da gaskiyarsu kar samari su raina. Na ga ƙungiyoyin da daga yin rajista sai aka koma ɗinka hula mai tambari da buga kalanda da rigima kan waye ciyaman, kunun Juma'a ya bi ruwa. Zuwan nan da kuke yi da ƙafarku shi ne ran abin, kar ku bari ya tsaya ko sau ɗaya. Abin da zan ce ku ƙara kawai, daga wannan Juma'ar duk naira ɗari da ta shigo ku cire ashirin ku ajiye gefe ku yi kamar ba ku san da ita ba, za ta yi muku ciwo ranar da aka kawo mara lafiya kuɗi bai kai ba, ku daure.

Tambaya: Kawu ina wuni. Ni ɗaliba ce a jami'ar Jos, malaminmu yace a Amurka akwai manyan gidauniyoyi masu kuɗi waɗanda asalinsu asibiti ne aka sayar. Ni abin ya ɗaure min kai gaskiya, asibitin da al'umma suka gina da guminsu a sayar kuma ace anyi alheri? Ba cuwa-cuwa bace kawai aka sa mata riga? Daga 'yarka a Naraguta.

Amsa: 'Yata malaminku bai yi ƙarya ba, ga misali ɗaya da na sani sosai. A birnin Denver na jihar Kolorado, bayan yaƙin duniya na biyu, Yahudawan garin suka haɗa kuɗi suka gina asibiti, ɗaya daga cikin dalilansu shi ne likitocinsu na shan wahalar samun wurin aiki a sauran asibitocin garin, sai suka ce bari mu yi wanda ƙofarsa a buɗe take ga kowa, likita da mara lafiya. Suka sa masa sunan Janar Maurice Rose, ɗan garin ne da aka kashe a fagen daga a Jamus a watan Maris na 1945. Aka buɗe asibitin a 1949. Shekaru suka tafi, zuwa shekarun 1990 manyan kamfanoni suka shiga saye asibitoci suna haɗa su rukuni-rukuni, asibitin da ke tsaye shi kaɗai ya ga gasar ta fi ƙarfinsa, a 1995 aka sayar da shi.

To a nan ne inda za ki lura. Asibitin ba na riba ba ne, da gudummawar jama'a aka gina shi, don haka a dokarsu kuɗin cinikin ba ya shiga aljihun 'yan kwamitin gudanarwa, dole ya ci gaba da zama dukiyar taimako, babban lauyan gwamnatin jiha ne ke sa ido a irin wannan ciniki. Kuɗin, wajen dala miliyan 170, da shi aka kafa gidauniyar Rose, aka zuba shi a jari, duk shekara ana ɗibar wani kaso kaɗan na abin da ke ƙasa a raba wa ayyukan lafiya da ilimi da yara da tsofaffi a yankin Denver, da kuma al'amuran Yahudawan da suka kafa asibitin tun farko. Irin waɗannan gidauniyoyi galibi kashi 4 zuwa 5 cikin 100 suke kashewa a shekara, sauran ya zauna yana haihuwa.

Ita kuma dabarar gidauniyar gari gaba ɗaya ta girmi wannan, wani lauya ma'aikacin banki Frederick Goff ne ya fara ta a Cleveland a 1914. Abin da ya dame shi shi ne masu kuɗi kan mutu su bar wasiyya a ɗaure da wata buƙata, shekara hamsin buƙatar ta wuce amma kuɗin na nan a ɗaure ba mai ikon juya shi. Sai ya ce a tara gudummawar kowa, babba da ƙarami, a tukunya ɗaya, rayayyun mutanen gari su riƙa duba inda ciwo yake a zamaninsu. Masu rubuta wakafi a nan ma ya kamata su ji wannan, kar ka ɗaure dukiya da cuta ɗaya tak, ka bar wa na baya 'yar ƙofa.

Cuwa-cuwa ce? Ba zan kira ta haka ba, amma ba a fita ba asara, don asibitin ya koma hannun masu neman riba, kuma a can ma an sha jayayya a kan irin waɗannan cinikayya, ko an sayar da daraja ko an karyar. Ni dai da za a tambaye ni a nan ƙasar, ba zan sa hannu a sayar da asibitin al'umma ba ko da an yi min rantsuwa da alƙawarin gidauniya, don samun kuɗin ba shi ne wuya ba, wa zai kwana yana gadinsa shekara talatin.

Tambaya: Salam Kawu. Mu matan wata Islamiyya ne a Rikkos, muna tara kuɗi muna sayen ledar jini da magani wa mata marasa hali, yanzu har masu wankin ƙoda ana kawo mana. Ni ce ma'aji kuma a akawun ɗina ake tura komai, tsakar dare sai alat ya shigo wayata, maigida yace shi fa bai yarda ba in cire hannuna kafin a ɓata min suna, kuma dama kwanaki wata ta faɗi magana a bayan idona akan sabon mayafin dana saya har nayi kuka. Bana so in bari don Allah nake yi. Ya ake rajistar nan ne, kuma me zamuyi da ɗan abinda muka tara? Daga Maman 'yan biyu.

Amsa: Hajiya share hawayenki, amma maigidanki ya fi ki gaskiya a nan. Bar ma ta maganar mayafi, wannan ai duk mai riƙe kuɗin jama'a sai an auna masa takalmi da ido. Ki duba ta nan, Allah ya ba ki tsawon rai, amma in ta Allah ta kasance yau, banki bai san wata Islamiyya ba, sunanki ya sani, za a rufe asusun sai magada sun kawo takardar kotu, kuɗin marayu da masu jinya ya cakuɗe da gadon 'ya'yanki, ki bar su da abin da ba su ji ba ba su gani ba.

Rajistar a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC ake yi, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ɓangaren amintattu. Za ku zauna taro ku zaɓi amintattu, doka ta ce aƙalla biyu amma ni ina ganin ku yi biyar kuma kar su fito gida ɗaya, ku rubuta abin da aka tattauna a taron, ku rubuta tsarin mulkin ƙungiya, a nemi suna, a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, in babu a ba ku satifiket. Daga nan sai lambar haraji da rajistar SCUML, sashen hana wanke kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, banki zai nema kafin asusun ƙungiya ya yi aiki yadda ya kamata. Ku sa mutum uku masu sa hannu, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Duk shekara kuma akwai rahoton da ake kai wa CAC, nan ne mutanenmu ke barci sai an tashi neman tallafi a tarar da tara ta taru. Ku samu lauya, a cikin mazajenku ko 'ya'yanku da wuya a rasa wanda zai yi muku don Allah, kuɗin jarida da na hukuma kawai za ku biya. Wani abin da nake so a dokar nan, ko ƙungiya ta watse ba a raba dukiyarta tsakanin 'yan ƙungiya, wata mai irin manufarta ake miƙa wa.

Sai abin da na koya a taga. Kar ku ba dangin mara lafiya kuɗi a hannu, ba don duk macuta ba ne, a'a, mutum ne da yunwa a gida da mai haya a ƙofa, shaiɗan kuma ba ya hutu. Ku biya asibiti kai tsaye ku karɓi rasit ku manna a littafi. Manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na jami'ar Jos, JUTH, suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ku je ku gabatar da kanku, su suka san wanda da gaske ba shi da kowa da wanda ɗan'uwansa ke zaune a mota a waje yana jiran a biya. Kuma don girman Allah ku daina ɗaukar hoton mace a kwance da robar fitsari kuna yaɗawa don a tausaya, za ta warke ta dawo unguwa hoton na nan a wayoyin mutane.

Maganar wankin ƙoda ku yi ta tun yanzu da sanyin rai kafin wata da kuka sani ta kwanta. Abu ne da ake yi sau biyu ko uku a mako ba ranar gamawa, mutum ɗaya zai iya shanye abin da zai fitar da masu haihuwa ashirin. Ku rubuta iyakar abin da za ku iya yi wa mutum ɗaya, don ranar da aka zo ana kuka takarda ce za ta yi magana ba ke ba.

Abin da kuka tara kuwa kar ku bar shi kwance a banki, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, ma'ana kuɗin na nan a rubuce amma ledar jinin da zai saya ta ragu. Ku mayar da shi abin da ke kawo wani abu, kujerun roba da rumfar haya na biki da suna wanda ku mata kun fi kowa sanin gidan da za a yi taro, ko injin markaɗe, in ya yi kauri shago. Akwai kuma sukuk, takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017 ga mai gudun kuɗin ruwa.

Tambaya: Kawu ni malamin makaranta ne a Bukuru kuma gaskiya ina da ja. Duk wannan tara-taran ba sauke wa gwamnati nauyin da yake kanta muke ba? Na biyu, a ƙungiyarmu an samu saɓani, wasu sunce Musulmi kawai za'a riƙa biya wa tunda kuɗin a masallaci ake tarawa harda zakka a ciki. Me ka gani?

Amsa: Malam ja ɗinka na kan hanya. Nauyin na gwamnati ne kuma a rubuce yake, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, ita ce kuma ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta zo da asusun masu rauni, nan Filato kuma akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, tun 2019. Amma matar da ke kan siminti yau ba za ta jira a saki kasafi ba. Ni a ganina ƙungiya mai wayo hannu biyu take aiki da shi, tana biya tana kuma bin haƙƙi, kuma wasiƙa mai tambarin ƙungiya mai rajista ta fi saurin kai ku ofishin shugaban asibiti fiye da ƙorafi a Facebook. Ku je ma ku tambayi PLASCHEMA nawa ne kuɗin shekara na mutum ɗaya ku gwada da kuɗin tiyata ɗaya da kuka taɓa biya, za ku ga gara ku yi wa zawarawa da marayun unguwarku rajista tun suna kan ƙafarsu.

Ta biyun kuma, zakka tana da gidajenta takwas da Allah ya lissafa a Suratut Tauba aya ta 60, ba ni ne zan yi muku fatawa ba, ku kai wa malamanku, abin da zan ce kawai ku raba mata littafinta daban kar ku zuba ta tukunya ɗaya da sauran. Sadaka kuwa ƙofarta da faɗi, hadisi ya tabbata cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, a kan kare ma da aka shayar aka faɗe shi balle ɗan Adam.

Kuma mu mutanen Jos ya kamata mu fi kowa gane wannan. Tun rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 garin nan ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya san layin da ba ya tsallakawa in magariba ta yi. Ɗakin jinya na cikin 'yan wuraren da suka rage inda matar Gangare da matar Kabong ke kwana gado da gado, wannan ta ara wa waccan filas ɗin ruwan zafi, waccan ta riƙe mata jariri ta shiga bayi. Ranar 20 ga Mayu 2014 da bam ya tashi a kasuwar Taminus ya kashe mutum fiye da 100, waɗanda aka kwasa zuwa asibitoci ba a tsaya tambayar sunansu ba kafin a ɗaura musu jini, kuma ledar jini in ka duba abin da aka rubuta a jikinta O ne ko A ko B. Matron ɗin da na ba da labarinta a sama, yawancin sunayen da ke cikin littafinta na matanmu ne, na sani don ni nake buga musu hatimin fita.

Tambaya: Kawu a taƙaice, wani mai neman takara yace zai bamu miliyan biyu in muka sa wa gidauniyar sunansa, wasunmu kuma sunfi son sunan baiwar Allahn da rasuwarta wajen haihuwa ce tasa muka fara. Sakataren wata ƙungiya, Gangare.

Amsa: Ɗana zaɓe duk shekara huɗu ne, in ya faɗi kun faɗi tare, in ya ci kuma rabin unguwa da ba jam'iyyarsa suke ba sun daina ba ku ko sisi. Ku sa sunan marigayiyar in mijinta da iyayenta sun yarda, ku je ku tambaye su da kanku kar su ji a gari, in ba su so ba ku sa sunan unguwa. Ku tanadi suna biyu don CAC kan mayar da wanda ya yi kama da na wasu. Shi kuma Honorabul ku yi masa godiya ku ce ƙofa a buɗe take, in da gaske taimakon yake so ga lambar asusu, ko ku raka shi tagar asibiti ya biya wa mutum goma a ba shi rasit ya ɗauki hoto da su, rasit ɗin nake nufi ba marasa lafiyan ba.